Yadda Za Ka Sa Tsohuwar Kwamfuta Ta Daina Nauyi Ba Tare Da Ka Sake Mata Windows Ba

Mutane da dama sun tambaye ni wannan, ga matakan a jere. Na Windows 10 da 11 ne.

1. Kwafe hotunanka da takardunka zuwa filashi tukuna.

2. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe.

3. Shiga sashen Startup, ka kashe manhajojin da ke tashi da kansu in an kunna kwamfuta. Nan ne galibin nauyin yake. Na ga wadda abubuwa 19 ke tashi lokaci guda, mai ita yakan haɗa shayi ya dawo ba ta gama buɗewa ba.

Hattara: kar ka kashe manhajar kariya daga ƙwayar cuta.

4. Danna maɓallin Windows da R, rubuta appwiz.cpl, ka danna Enter. Jerin manhajojin da ke kwamfutar zai buɗe.

5. Cire manhajojin da ba ka amfani da su. Wadda ba ka gane ba, ƙyale ta.

6. Sake danna Windows da R, rubuta %temp%, ka danna Enter. Jakar fayilolin wucin gadi za ta buɗe, ka goge abin da ke ciki. Wanda ya ƙi goguwa, tsallake shi.

Hattara: kar ka taɓa jakar System32, inda muhimman fayilolin Windows suke, ko da wani ya ce tarkace ne.

7. Kashe kwamfutar, ka zare wayar wuta.

8. Busa ƙurar da ta toshe fanka. Bayan hunturu za ka tarar da ita kamar auduga, kuma zafi na rage wa kwamfuta gudu.

9. In har yanzu tana jan ƙafa, kai wa mai gyara ya kwafe komai zuwa SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, a madadin tsohon hard disk. A ganina wannan ya fi ƙarin RAM (ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta) amfani.