Yadda za a daidaita haƙoran aksul bayan an sa wa mota manyan tayoyi

Masu Hilux da Land Cruiser a Jos sukan cire tayoyin kamfani su sa manya, domin ƙasan mota ya daina gugar duwatsu a hanyoyin ƙauyukan Bokkos da Mangu idan damina ta kankama. Dabarar tana biyan buƙata, sai dai babbar taya tana da nauyin juyawa, don haka inji yakan wahala kamar an tayar da mota da giya ta biyu, wahalar kuma a kan giyabos take ƙarewa. A mota manuwal kuloci ne yake saurin cinyewa. A otomatik kuwa man giya ne yake ɗaukar zafi, ga giyar tana ta hawa da sauka a kan ɗan tudun da bai taka kara ya karya ba.

Maganin shi ne a sauya haƙoran aksul, wato sashen da yake kai juyi ga tayoyi, su dace da sabuwar tayar. Kafin a je wurin bakanike, a fara da lissafi. A cikin aksul akwai babban faifai mai haƙora da ƙaramin da yake juya shi, waɗanda bakanikai suke kira kirawun da finiyan. Idan babban yana da haƙora 41, ƙaramin yana da 10, adadin aksul ɗin shi ne 4.10, wato sai farfela, sandar da take kawo juyi daga giyabos zuwa aksul, ta juya sau huɗu da 'yan kai kafin taya ta juya sau ɗaya. Sai a raba tsayin sabuwar taya da tsayin tsohuwar, a ninka da wannan adadi, abin da ya fito shi ne sabon adadin da aksul yake buƙata. Taya mai lamba 265/65R17 tsayinta ya kai kusan inci 30.6, kuma wanda ya koma 285/70R17, mai inci 32.7, ya ƙara kashi 7 cikin ɗari. Malejinsa zai nuna 100 alhali motar tana gudun kilomita 107 a awa. Ana iya haƙuri da wannan idan ba a yawan yi wa motar lodi. Amma wanda ya sa taya mai inci 35 a madadin mai inci 30.6, lissafinsa zai ba da 4.69, kuma haƙoran da suka fi kusa da hakan su ne 4.56 da 4.88.

A ganina mazaunin Jos ya ɗauki 4.88. Garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, iskar ba ta da kauri, inji marar turbo kuwa yakan rasa wani ɓangare na ƙarfinsa tun kafin a ɗora masa kaya, balle a ce ya taso daga Akwanga da lodi ya fuskanci Hawan Kibo. Wanda yawancin tafiyarsa a kan miƙaƙƙiyar kwalta ce, 4.56 ya ishe shi.

Dole ne a sauya haƙoran aksul na gaba da na baya tare, da adadi ɗaya, domin idan suka bambanta, da zarar an haɗa tayoyi huɗu su ja, gaba da baya za su riƙa kokawa har wani ƙarfe ya karye. Wurin haɗawa kuma a tsaya a gani da ido: ƙwararren bakanike zai shafa fenti a haƙoran, ya juya faifan, ya duba ko tambarin cizon ya sauka a tsakiyar haƙori. Idan ya sauka a baki, aksul zai riƙa kuka a kan gudu, haƙoran kuma su zaizaye da wuri. Bayan aikin a lallaɓa motar ba tare da lodi ba har kusan kilomita 800, sannan a zubar da man aksul a zuba sabo.

Wanda kuɗinsa bai kai ga wannan aiki ba tukuna, ya riƙa sauke giya da hannunsa kafin ya fara hawan tudu, idan motar otomatik ce ya sa a ƙara wa giyabos ɗan lagireton sanyaya mai, ya kuma riƙa duba man. Idan man, wanda asalin launinsa ja ne, ya koma baƙi-baƙi yana warin ƙuna, a sauya shi nan take, a kuma sa bakanike ya buɗe kaskon ƙasa ya duba ko garin ƙarfe ya taru a jikin maganaɗisu.