Wankin Keke a Gida: A Fara da Sarƙa

Kekena Phoenix ne, baƙi, irin mai birkin ƙarfe da kariya a baya, kuma shekara 11 ke nan ina hawansa daga Tudun Wada zuwa Sabon Gari a nan Zariya. Sau ɗaya na taɓa kai shi wajen masu wankin mota. Yaron ya ɗauko injin feshi ya bi shi lungu-lungu, keke ya fito yana ƙyalli kamar ranar da aka sayo shi. Bayan mako biyu sai na fara jin gurnani a gindin feda. Da mai gyara ya kwance wurin, giris ya zama ruwan kunu, boris duk sun yi tsatsa. Ƙarfin feshin ne ya tura ruwa cikin wuraren da aka cika da giris. Tun daga ranar a tsakar gida nake wanke abina, da bokiti da buta.

Kayan aikin ba su da yawa. Bokiti biyu, ɗaya na ruwan kumfa ɗaya na ɗauraya, soso mai laushi, tsohon buroshin haƙori, tsummoki uku na auduga, tsohuwar singileti ta fi komai, kananzir kamar rabin gwangwanin madara, sai mai. Omo cokali ɗaya ya isa bokiti. Idan ya yi yawa yana disashe fenti, kuma yana cin giris ɗin da kake so ya zauna.

Ina ɗora keken a kan ƙafarsa ta baya, wadda ke ɗaga tayar baya sama, don in riƙa juya feda da hannu. Masu kifa keke a kan sirdi da kai, ban hana su ba, amma a shimfiɗa buhu tukuna, kuma a sani ruwa zai gangara cikin wuyan keke inda boris suke. Sirdi kuwa, in na fata ne, a ɗaure shi da leda. Fata ta jiƙe ta bushe a rana, tsagewa take yi.

Sarƙa ake fara wankewa, domin ita ce mafi dauɗa, kuma in ka bar ta a ƙarshe za ta fantsala maka baƙi a jikin da ka gama gogewa. A nan nake ɓata rabin lokacina. Ina shimfiɗa kwali a ƙasa, in tsoma buroshi a kananzir, in riƙa bin sarƙar gaɓa-gaɓa ina juya feda baya a hankali. Sama, ƙasa, da gefe biyu. Abin da ke zubowa baƙi ƙirin, mai ne da ya haɗu da ƙura. Ka murza shi tsakanin yatsu za ka ji yashi. Wannan yashin ne yake shiga tsakanin ƙusoshin sarƙa yana gurzar su duk juyi ɗaya, har sarƙar ta saki, ta koma cin haƙoran firiwil, wato ƙaramin faifai mai haƙora da sarƙa ke ja a tayar baya. Haƙoran ma a bi su da buroshi, na gaba da na baya, a sa tsinke a ƙwaƙule abin da ya daskare a tsakaninsu. Daga nan sai a kama sarƙar da tsumma a juya feda har tsumman ya daina baƙi sosai.

Kada a yi amfani da fetur. Na san yana wanke mai da sauri, amma a gidan da ake girki da icce ko gawayi a tsakar gida, tururinsa kaɗai yana iya kama wuta. Kananzir ɗin ma a nisanta shi daga murhu, kuma kada ya taɓa taya ko robar birki, yana lalata roba. Wanda ya saura a gwangwani ba na zubarwa a kwata. Ina rufe shi, dattin ya kwanta a ƙasa, in tsiyaye na sama in sake aiki da shi.

Jikin keke abu ne mai sauƙi. A zuba ruwa da buta daga sama don jar ƙasar ta jiƙa ta saki, musamman a damina in taɓo ya bushe a kai. Kada a goge busasshen taɓo da tsumma, zai karce fenti. Sai soso da kumfa, daga kai zuwa ƙasa. Wurin da mutane ke mantawa shi ne cikin murfin taya, can ne taɓo ke maƙalewa yana riƙe danshi har ƙarfen ya huje. A tura hannu da tsumma a fito da shi. Wajen cibiyar taya, gindin feda da wuyan keke, jiƙaƙƙen tsumma kawai nake sawa, ba na kwara ruwa.

Wili yana da nasa tsumman daban, wanda bai taɓa ganin mai ba. A keke irin nawa robar birki a jikin wili take kamawa, to ko ɗigon mai ne ya hau wurin, birki zai riƙa sulɓewa. A duba robar kanta. Sau da yawa za ka tarar da ƙananan tsakuwa ko ɓurɓushin ƙarfe sun nutse a ciki, su ne ke yin ƙarar nan in ka ja birki. A cire su da bakin allura. Tunda kana wurin, juya tayar a hankali ka nemi ƙaya ko kwalba da ta soke ba ta riga ta kai ga tub ba. Na sha tsira daga zuwa wajen mai faci ta haka. Tsatsar da ke kan wili da kan keke kuma, ɗan guntun takardar alminiyam da aka jiƙa da ruwa yana ɗauke ta. Soson ƙarfe na wanke tukunya yana barin zane.

A ɗauraye, a ɗaga keken a ɗan buga shi ƙasa sau biyu ruwan da ya ɓuya ya fito, a goge da busasshen tsumma, a bar shi a inuwa kamar minti 30.

Sai sa mai, inda mafi yawanmu muke kuskure. Baƙin mai da aka juye daga injin mota ko babur cike yake da ƙurar ƙarfe da toka, ba na sawa ko kyauta aka ba ni. Man gyaɗa yana daskarewa ya zama ƙaro. A hunturu man keken ɗinki nake sawa, domin ba shi da kauri, ƙura ba ta kama shi sosai, sai dai duk mako ake sabuntawa. A damina sabon man inji ya fi zama, ruwa ba ya wanke shi da wuri. Ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, ta cikin sarƙar, a juya feda kamar sau 20 man ya shige. Bayan minti biyar a kama sarƙar da tsumma a goge duk wanda ke waje. Aikin mai a ciki yake. Na waje ƙura kawai yake tarawa. Sarƙar da aka yi wa daidai, in ka taɓa ta yatsanka zai ɗan yi maiƙo ne kawai. Mahaɗan ƙarafan birki su ma ɗigo ɗai-ɗai, nesa da roba.

Kafin in mayar da keken zaure ina auna sarƙar da rula. Tsakanin ƙusa da ƙusa rabin inci ne, saboda haka a sabuwar sarƙa in ka ɗora farkon rula a tsakiyar wata ƙusa, layin inci 12 yana faɗawa daidai tsakiyar wata ƙusar. In ƙusar ta wuce layin da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin canji ya yi. In ta kai kashi ɗaya cikin 8, firiwil ma ya riga ya ci, tare za a canja su. Ni a damina duk Asabar nake wannan wanki, a hunturu kuma sau biyu a wata, amma kullum da yamma ina bin sarƙar da busasshen tsumma kafin in shiga gida.