Yadda za ka auna kansila mai sassaucin ra'ayi idan ya fito neman tazarce

Kansila mai zafin kai ba ya wahalar aunawa. Ko dai ya yi faɗa da ciyaman a kan hakkin mazaɓarsa kowa ya ji, ko ya yi faɗan a kan aljihunsa kowa ya gane. Wanda yake da wuyar sha'ani shi ne mai sanyin hali: ba a taɓa jin sa a rediyo yana zagin kowa ba, yana gaisawa da 'yan jam'iyyarsa da na adawa, ba a rasa shi a ɗaurin aure da jana'iza. Idan wa'adinsa ya ƙare ya fito neman tazarce, sai ka ji ana cewa "ai ba shi da matsala." To, rashin matsala kaɗai bai isa a sake miƙa wa mutum mazaɓa ba. Sassauci iri biyu ne. Akwai na mutumin da ya iya lallaɓa manya har ya samo wa unguwa kwalbati, akwai kuma na wanda ya yi shiru shekara uku don kada kujerarsa ta girgiza. A fuska kamarsu ɗaya, don haka sai an bi aikin a hankali.

Fara da sanin abin da ke hannunsa

Yawancin kuskuren da ake yi wajen hukunta kansila daga nan yake tasowa: a tuhume shi da abin da ba nasa ba, ko a yaba masa a kan aikin wani. Tsarin mulkin Najeriya na 1999, a sashe na 7, ya tabbatar da zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, sannan Jadawali na Huɗu ya jera ayyukansu: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, maƙabartu, bayan gida na jama'a, kwashe shara, magudanan ruwa, titunan cikin unguwa da fitilunsu, sanya wa tituna suna da gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Suna kuma da hannu a ilimin firamare, da kiwon lafiya, da noma. Wutar lantarki ba ta ciki. 'Yan sanda ba sa ciki. Babban titin da ya ratsa gari ma yawanci na jiha ne ko na tarayya.

A manyan birane abin ya ƙara cakuɗewa, domin gwamnatin jiha ta ɗauke wasu ayyukan ta ba hukumominta. A ƙwaryar birnin Kano, inda ƙananan hukumomi takwas suka haɗu (Birni da Kewaye, Fagge, Dala, Gwale, Tarauni, Nassarawa, Kumbotso da Ungogo), kwashe shara aikin hukumar REMASAB ne, kula da zirga-zirgar ababen hawa kuma na KAROTA. Idan bola ta cika a unguwarku, abin tambaya game da kansila shi ne sau nawa ya rubuta, wa ya bi, kuma ya haɗa matasan unguwa aikin gayya kafin mota ta zo ko bai haɗa ba.

Sannan kansila zaɓaɓɓe ɗan majalisa ne, ba ɗan kwangila ba. Aikinsa na doka shi ne zama a zauren majalisa, yin ƙananan dokoki, duba kasafin kuɗin da ciyaman ya kawo, da sa ido a kan yadda aka kashe. Kada ka haɗa shi da kansila mai gafaka, wanda naɗa shi ake yi ya kula da sashe kamar lafiya ko ayyuka. Mutane da yawa suna rikita biyun.

Maganar kuɗi

Ƙananan hukumomi 774 suna da kashi 20.60 cikin ɗari na asusun tarayya, da kashi 35 cikin ɗari na harajin VAT. Abin da aka ware wa kowacce a wata ba sirri ba ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa rahoton rabon a intanet, da sunan kowace ƙaramar hukuma. Nemo na watanni goma sha biyu da suka wuce, ka tara. Amma kada ka ɗauka wannan jimlar ce ta isa sakatariya. Shekara da shekaru kuɗin yana bi ta asusun haɗaka na jiha da ƙananan hukumomi, a cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan lafiya, da fansho, da kason masarauta, da ayyukan da ake kira na haɗin gwiwa. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, ta kuma haramta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu, sai dai aiwatar da hukuncin ya yi ta jan ƙafa.

Wannan ya ba ka tambaya mafi kaifi da za ka yi wa kansila mai ci: nawa aka ware wa ƙaramar hukumarmu bara, nawa ya iso, kuma me kasafin ya tanada wa wannan mazaɓa? Wanda ya zauna shekara uku a majalisa ya kamata ya ba ka amsa ko da a ƙiyasce, ya kuma iya nuna maka shafin. Idan ya ce "ai mu ba a nuna mana," to ya faɗi gaskiya mai ɗaci, amma sai ka bi shi da ta biyu: da ba a nuna muku ba, me ka yi? Ka sa hannu a kasafin da ba ka gani ba? Amsarsa a nan ita ce za ta fara raba maka sassauci da tsoro.

Zagaya mazaɓar da ƙafa

Gani ya kori ji. Ware yini biyu, ɗauki littafi da biro, ka tafi da mutum ɗaya wanda ba ku jam'iyya ɗaya, don kada idonka ya riƙa ganin abin da zuciyarka take so kawai. In da hali, yini ɗaya ya kasance washegarin ruwan sama mai ƙarfi, domin magudana ba ta nuna halinta da rani.

Ƙirga rijiyoyin burtsatse da famfunan tuƙa-tuƙa: nawa ne duka, nawa ke ba da ruwa yau. Ga wanda ya mutu, tambayi maƙwabta tun yaushe. Famfon tuƙa-tuƙa yawanci robar ciki ce take cinyewa ko bututu ya tsage, gyaran da bai fi ƙarfin unguwa ba idan akwai kwamiti mai tara kuɗi kaɗan-kaɗan. Mai amfani da hasken rana kuma injin ne yake ƙonewa, ko a sace faifan. Famfon da ya shekara a mace saboda roba shaida ce a kan kansila, domin wannan ba ya bukatar sa hannun gwamna, bukatarsa mutum ɗaya da zai tara mutane. Shiga asibitin sha-ka-tafi da yamma, ba da safe ba, ka ga ko akwai ma'aikaci, ka tambayi ko kwamitin ci gaban mazaɓa yana zama, ko kansila ya taɓa halarta. A makarantar firamare, ka duba rufi da bayan gida, ka tambayi shugaban kwamitin iyaye da al'umma yaushe rabon da su ga kansila ba a lokacin kamfe ba.

Ga wata dabara da take hana a yi maka wayo: karanta allon kowane aiki. Allon yakan nuna wanda ya ba da kuɗin, ko hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, ko aikin mazaɓa na ɗan majalisar tarayya, ko wata ƙungiyar agaji. Kansila zai iya cewa shi ya nemo, kuma wani lokaci gaskiya ne. Sai ka ce ya nuna kwafin takardar da ya rubuta, mai ɗauke da kwanan wata da hatimin ofishin da ya karɓa. Mai bin aiki da gaske yana ajiye irin waɗannan takardu, domin da su yake komawa tuni.

Inda ake gane sassauci na gaske

Nan ne ya kamata ka fi daɗewa. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma a kowane wa'adi akan sami lokaci biyu ko uku da miya take ƙarewa a mazaɓa. Nemo su. Wataƙila an yi yunƙurin yanka filin makaranta ko gefen maƙabarta a yi shaguna. Wataƙila an tashi masu kasa kaya a bakin kasuwa ba tare da an ba su wani wuri ba. Wataƙila rikici ya tashi tsakanin ɓangarori biyu a kan limancin masallaci, ko tsakanin 'yan unguwa da baƙin da suka daɗe da zama, irin abin da mazaɓu masu cakuɗar ƙabilu da addinai suka saba gani. A kowanne, tambayi waɗanda abin ya shafa kai tsaye: ina kansila yake a ranar? Ya zo da kansa ko ya aiko yaro? Ya zaunar da ɓangarorin tare da mai unguwa da dagaci har aka rubuta matsaya, ko ya ce wa kowane ɓangare "ina tare da ku" a ɓoye?

Mai sassauci na gaske yana da alama guda da ba ta ɓuya: akwai mutanen ɓangarensa da suke jin haushinsa, saboda ya taɓa hana su wani abu. Idan ka zagaya mazaɓa kaf ba ka sami ko mutum ɗaya a cikin jam'iyyarsa da ya taɓa ce wa a'a ba, ka yi hattara. Mai yiwuwa bai taɓa tsayawa a kan komai ba.

Rabon kaya ma ma'auni ne mai kyau. Taki, shinkafar tallafi, gurbin ɗaukar aiki na wucin gadi, sunayen da ake turawa shirin koyar da sana'a, duk sukan bi ta hannun kansila ko a nemi shawararsa. Tambayi mutum goma sha biyar zuwa ashirin daga kusurwoyi uku na mazaɓar, kada su zama 'yan majalisar shayi ɗaya. Lallai a ciki a sami mata, musamman zawarawa da masu ƙananan sana'o'i a gida, domin su suka fi sanin wanda aka rubuta da wanda aka tsallake. A sami kuma waɗanda aka san ba su zaɓe shi ba. Idan ɗan adawa ya ce maka "gaskiya ya ba mu namu," wannan shaida ta fi ta sojojin baka ɗari.

Sai zauren majalisa. Nemi ganin rajistar halarta da bayanan zama a wurin magatakardan majalisar. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta, don haka ka rubuta, ka riƙe kwafi mai hatimi, kuma ya fi ƙarfi idan da sunan ƙungiyar unguwa aka nema. Ko an hana ka, ka ƙaru da wani sani: tambayi kansilan ko zai taya ku nema. Abin da kake dubawa shi ne sau nawa aka zauna, sau nawa ya zo, wane ƙuduri ya gabatar, kuma ya taɓa ƙin amincewa da wani abu. Majalisar da ba ta zama sai ranar raba alawus ba laifin mutum ɗaya ba ce, amma wanda bai taɓa ɗaga murya a kai ba yana da kasonsa.

Auna shi da wanda ke neman kujerar

Ba a zaɓe tsakanin kansila mai ci da mala'ika. Duk tambayoyin nan ka juya su kan abokin takararsa: me ya taɓa yi wa unguwa kafin ya fito? Ya san nawa ne kason ƙaramar hukumar? Wa ke ɗaukar nauyin fastocinsa, kuma me mai ɗaukar nauyin yake so? Su wa ke bin sa, masu sana'a ne ko 'yan jagaliya? Sabon shiga yakan ci wata shida zuwa shekara kafin ya san ƙofofin sakatariya, alhali wa'adin a Kano shekara uku ne kacal. Saboda haka kansila mai ci da ya nuna takardu, ya gyara famfuna, ya taɓa ce wa ciyaman a'a ko sau ɗaya, ya cancanci a ƙara masa ko da ba ya iya jawabi. Wanda kuwa ba shi da komai sai gaisuwa da kuɗin cefane ga 'yan tsiraru, ƙwarewar da ake cewa ya tara ba ta amfani kowa ba, ba kuma asara ba ce a gwada wani.

Lokacin yin wannan aiki

Kada ka bari sai ranar zaɓe. Hukumomin zaɓe na jihohi ne ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi, kuma sakamakon ya saba tafiya gefe ɗaya. A Kano, APC ta lashe ciyamomi 44 da kansiloli 484 gaba ɗaya a 2018 da 2021. A Oktoban 2024 NNPP ta lashe su gaba ɗaya. A Kaduna ma, a Oktoban 2024 ɗin, APC ta kwashe ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255. A Abuja ne, inda INEC ke gudanar da zaɓen, aka ga APC da PDP sun raba kujerun ciyaman shida uku-uku a 2022.

Ma'anar wannan ita ce a yawancin jihohi makomar kansila tana yankuwa ne tun a zaɓen fidda gwani, ko a zaman maslaha na shugabannin jam'iyya na mazaɓa. Don haka ka kammala zagayenka da tambayoyinka aƙalla wata uku kafin jam'iyyu su fara sayar da fom. Rubuta abin da ka samu a shafi ɗaya: famfuna nawa ke aiki cikin nawa, me aka nema a rubuce, me aka samu, ina ya tsaya a rikicin da aka yi. Ku sa hannu ku da yawa, limamai da shugabannin 'yan kasuwa da ƙungiyar mata da ta matasa, ku kai wa shugaban jam'iyya na mazaɓa da dattawan da ake jin maganarsu. Ku ba kansilan kansa kwafi mako ɗaya kafin nan, ku gayyace shi ya zo ya amsa a gaban jama'a, domin mai yiwuwa yana da takardar da ba ku gani ba.