Kurakuran ɗaliban tattalin arziki wajen zaɓen kwas

Duk farkon zangon karatu sai ƙanne sun same ni a ƙofar gida da takardar rajista a hannu. Tambayar ba ta canzawa: "Yaya, wane kwas ne ba a faɗuwa?" Har yau ban ga wanda ya ce min wane kwas ne zai kai shi inda yake son zuwa ba. Na gaji da maimaitawa, shi ya sa na rubuta.

Babban kuskuren shi ne gudun lissafi, kuma ni na fi kowa sanin ɗacinsa. Ina aji uku aka ba mu zaɓi tsakanin wani kwas na lissafin tattalin arziki da wani na hadda zalla. Abokai suka ce na biyun maki a arha yake. Na bi su, na ci A, na yi ta murna. Ikonometiriks kuwa, wato kwas ɗin auna al'amuran tattalin arziki da ƙididdiga, da yake dole ne, tsofaffin tambayoyi na haddace na tsallake da kyar.

Bayan bautar ƙasa wani kamfanin bincike ya kira ni ganawa. Aka ajiye min kwamfuta, aka buɗe Excel mai ɗauke da farashin masara da na man fetur na wata 36, aka ce in nuna ko akwai alaƙa, minti 40. Ga sanyin na'ura a ɗakin, ga gumi na bin bayana. Matar da ke jagorantar ganawar ta tambaye ni ma'anar wani ma'auni, na zubo mata shi kamar karatun allo. Ta nuna allon kwamfutar ta ce, "To a nan fa, me yake gaya maka?" Na yi shiru. A cikin Adaidaita Sahu na gane cewa A ɗin nan ba ta saya min komai ba. Shekara guda na yi ina koyon abin daga tushe, da daddare, a waya.

Don haka ku ji ni da kyau. In burinka Babban Bankin Najeriya ne, ko Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ko ƙungiyoyin raya ƙasa, ko digiri na biyu, to duk kwas ɗin ƙididdiga da lissafi da aka buɗe maka ƙofarsa, shiga. Ka riƙe manhaja guda, Stata ko EViews ko R, ka iya ta da hannunka. Ni dai ɗabi'ata, kwas mai nauyi ɗaya nake sa yaro ya ɗauka a kowane zango. Wasu na cewa a haɗa biyu, amma na ga yadda hakan ke jawo kariyoba, wato faɗuwa kwas a maimaita shi, alhali wasu bankuna sakamako suke fara dubawa kafin su ga fuskarka.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi: ɗan Kano ya yi shekara huɗu yana karanta kasuwa bai taɓa ɗaga kai ya dubi kasuwar garinsu ba. Haba! Ga kasuwar hatsi ta Dawanau nan, inda ake lodin riɗi da zoɓo zuwa ƙasashen waje, amma ku raina tattalin arzikin noma, wai na ƙauyawa ne. Mahaifinka na da shago a Kantin Kwari ko Singa, kai za ka gaje shi, amma ka guje wa akanta da dokar kasuwanci, ka dawo ba ka iya fitar da riba daga littafin bashi ba. Haka harkar kuɗi ta Musulunci. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, Kano na cikin rassansa uku na farko. Gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na Musulunci marasa kuɗin ruwa, na farko a 2017, na naira biliyan 100. Jami'ar Bayero ma tana da cibiya guda a kan fannin. Duk da haka sai ka tambayi mai neman aikin banki bambancin murabaha (sayar da kaya da ribar da aka bayyana) da mudaraba (wani ya ba da jari, wani ya juya, a raba riba) ya kama sosa ƙeya.

Mai son aikin gwamnati ya riƙe kwas ɗin haraji da kasafin kuɗi, kada ya bari su wuce shi.

Sauran ƙanana ne. Kada ka ɗauki kwas don abokinka ko wadda kake so tana ciki. Ka duba jadawali kafin ka sa hannu, lacca biyu a sa'a ɗaya ba ta haɗuwa. Ka kai wa malamin da ke kula da ajinku lissafin yunit ɗinka, wato nauyin da aka ba kowane kwas, tun da wuri, na san wanda yunit biyu suka ƙara wa shekara. Firojet kuma, wato binciken kammala digiri, kada ka saya. Wata ƙanwata da ta ji magana, littafi ta ɗauka ta riƙa zuwa Dawanau duk Asabar tana rubuta farashin buhun gero, wata shida cur. Ranar da ta je neman aiki, a kan wannan littafin aka yi ta yi mata tambayoyi har lokaci ya ƙare.