Wa ya san an zuba guba a kunun?

Labarin farko da na rubuta, a babi na tara amarya ta sha kunu ta faɗi matacciya. Na ba ƙawata ta karanta, ina jiran in ga ta zabura. Sai kawai ta ce, "Allah ya jiƙanta," ta buɗe shafi na gaba. Laifina ne: na ɓoye mata gubar, ba ta da abin fargaba.

Ga gyaran da na yi, ku ma ku gwada. Ku nuna hannun da ya barbaɗa garin gubar tun farkon babi. Sannan ku ajiye kofin a bakin gado yana huci. Amarya ta ɗauka, aka yi sallama, ta ajiye. Baƙuwa ta zauna tana ta zuba hirar anko. Can sai ɗan uwargidan, yaro ɗan shekara 4, ya shigo yana cewa, "Anti, zan sha." A nan za ku rufe babin. Kada ku ƙara ko layi ɗaya, ko da hannu na ƙaiƙayi.

Kafin ku fara kowane babi, ku tambayi kanku: wa ya san me? Amsar ce ke raba nau'o'in labarin.

A labarin bincike, an riga an yi kisan. Mai karatu bai fi ɗan sandan sani ba, tare suke tsintar alamu, don haka ku riƙa sakin bayani kaɗan-kaɗan, kuma kada mai laifin ya faɗo daga sama a shafin ƙarshe. A labarin garkuwa da mutane ko na leƙen asiri, lokaci ne makaminku: an ce kuɗin fansa kafin sallar Juma'a, yau Laraba, wayar kuma ta mutu.

Wanda ya fi ba ni wuya shi ne na cikin gida, inda mai ba da labarin kanta ba abin yarda ba ce. Tana rantsuwa mijinta na canza mata wurin makulli da dare. Shi ne, ko kanta ne ya taɓu? Ku ba kowane ɓangare hujja, ku bar mai karatu yana wasiwasi.

Na aljanu kuwa, ku jinkirta fuskar. Takun sawu a soro da ƙarfe 2 na dare ya ishe ku babi uku.