Yadda Ake Tara Tsofaffin Mujallu Masu Zane a Bango

Wanda ya shiga tara tsofaffin mujallu bai tsai da abin da yake nema ba, ɗakinsa ne zai cika da takardu, aljihunsa kuma ya bushe. Saboda haka ka fara zaɓen mujalla ɗaya ko mai zane ɗaya. A Amurka, da yawa daga masu wannan sha'awa suna raja'a ga mujallar The Saturday Evening Post, wadda Norman Rockwell ya yi wa zanen bangon gaba fiye da 320 tsakanin 1916 da 1963, kuma J. C. Leyendecker, wanda ya riga shi farawa, ya yi kusan adadin haka.

Tsufa kaɗai ba ya sa mujalla tsada, domin ita Post an yi ta buga miliyoyin kwafinta kowane mako. Lafiyar kwafin da sunan mai zanen su ne ke yanke farashi. Kafin ka biya, ka ƙirga shafukan tun daga farko har ƙarshe, ka duba na tsakiya, waɗanda su ne ke fara ɓallewa, sannan ka lura ko wayar da ta riƙe takardun ta yi tsatsa. 'Yan kasuwa da yawa sukan cire bango ko shafukan talla su sayar daban, kuma a ganina bangon da aka raba da mujallarsa ado ne kawai na rataya a falo. Idan akwai takardar adireshin mai saye a manne, ka bar ta, domin ɓamɓare ta kan tafi da fentin zanen.

Ka karanta kwanan wata da idonka. Misali, mujallar The New Yorker ta fara fitowa ranar 21 ga Fabrairu, 1925, da zanen Rea Irvin na wani ɗan gaye mai doguwar hula, amma ta yi shekaru tana maimaita zanen a watan Fabrairu, don haka ganinsa ba hujja ba ne cewa kwafin farko ke hannunka.

Wajen ajiya, ka sa kowace a jakar da aka yi musamman don adana takardu, ka kwantar da su a akwati nesa da rana, wadda ke koɗar da launi. Kada ka gyara yagewa da salatif, domin gam ɗinsa yana barin tabo. A ƙasarmu kuwa, gara da danshin damina sun fi komai ɓarna, saboda haka ka ɗaga akwatin daga ƙasa, ka janye shi daga jikin bangon ɗaki, ka riƙa buɗe shi musamman a watan Agusta.