Kafin ka zuba kuɗinka a hannun jarin kamfani, ga inda za ka leƙa

Jama'a don Allah a daina sayen hannun jari saboda kawai wani a guruf ɗin WhatsApp ya ce "wannan zai tashi". Duk kamfanin da ke kasuwar hannun jari ta Legas, wato NGX, dole ne ya baje lissafinsa kowa ya gani, kuma kyauta ne, data kawai za ka ƙona.

Ka shiga shafin NGX na intanet, ka nemi inda aka rubuta Corporate Disclosures, ka zaɓi sunan kamfanin. Rahoto kala biyu za ka fi gani, akwai na wata uku-uku, akwai na ƙarshen shekara wanda odita ya bi ya sa hannu, shi ƙa'ida ya fito cikin kwana 90 bayan rufe shekara. Ni da shi nake farawa, in kuma na ga kamfani kullum sai ya makara wajen fitarwa to jikina yana sanyi da shi.

Kar yawan shafuka ya tsorata ka. Ka duba cinikin da aka yi, ka sauko kan ribar da ta rage bayan haraji, sannan ka tsaya sosai a kan bashi, nawa ne kuma da wane kuɗi aka ci shi, naira ko dala, don wallahi nan ne mutane ke faɗawa rami. Dubi MTN Najeriya a 2023, ciniki ya haura naira tiriliyan 2, kowa na sayen kati da data, amma da aka rufe shekara asarar kusan biliyan 137 aka lissafa, saboda naira ta karye tun watan Yuni alhali akwai nauyin da ke kansu da dala ake biya. Wanda ya kalli ciniki kaɗai ba zai taɓa hango wannan ba, sai ya karanta bayanan da ke ƙarshen rahoton, masu ƙananan rubutun nan da kowa ke tsallakewa.

Mai gudun kuɗin ruwa ya duba NGX Lotus Islamic Index, jerin kamfanonin da aka tace bisa shari'a ne.

Shi kuma dillalin da zai saya maka, ka fara neman sunansa a shafin hukumar SEC, mai sa ido a kan kasuwar hannun jari, ka tabbatar yana da rajista, kuma ya buɗe maka asusun CSCS, wato inda ake ajiye hannun jarin da ka saya, da sunanka kafin ka tura ko sisi.